Arewacin Maroko ko kudu: wace hanya ta fi dacewa da iyali?

Alhaji, na ga tambayarka. Ka ce a watan Agusta za ku je Maroko ganin ɗiyarka mai karatu a Kazabalanka, kai da uwargida da yara uku da Hajiya mahaifiyarka, kuma kana son ɗaukar motar haya ta kwana takwas don yara su ga teku da duwatsu. Abin da ya shige maka duhu shi ne ku nufi arewa wajen Tanja, ko kudu wajen Marakesh. Allah ya sa na bi duka biyun da iyalina, kuma duka a hutun damina. Ni dai arewa nake ba ka shawara. Amma bari in baje maka kayan kowace, kada mu yi cinikin biri a sama.

Fara da nisa, tunda akwai tsohuwa a motar. Kafin ma ku hau jirgi kun riga kun ci kilomita sama da 600 daga Maraɗi zuwa Yamai. Zagayen arewa, wato Kazabalanka, Tanja, Titwan, Shafshawan, Fas, a dawo, bai cika kilomita 1,000 ba. Na kudu kuwa, Marakesh, Warzazat, a komo Marakesh, sai Sawira da Agadir, ya haura 1,400. A kwana takwas wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga gwiwar Hajiya.

Idan maganar dutse ce zalla, kudu ta yi wa arewa fintinkau, wannan ba na musu. Can ne Atlas babba yake, da ƙololuwar Tubkal mai tsawon mita 4,167. Hanyar Marakesh zuwa Warzazat tana ratsa mashigar Tishka a mita 2,260, wato motarka za ta hau sama da ƙololuwar Bagazan ta Ayar, wadda babu abin da ya fi ta tsawo a duk Nijar. Yaranmu da dutsen Dogonduci kaɗai suka sani ta tagar bas, ranar sun yi tsit. Sai dai hawan yana da wuya. Kwana ce bayan kwana, kusan awa huɗu a kan abin da bai kai kilomita 200 ba. Kunnuwa suka toshe mana, ƙaramar ɗiyata ta yi amai sau biyu, na tsaya a gefen hanya uwarta tana wanke mata fuska da ruwan gora, iska mai sanyi tana kaɗa mata mayafi. Ga kuma yankin Hauz da girgizar ƙasa ta afka wa ranar 8 ga Satumba 2023, ta kashe mutum kusan 3,000, Allah ya jiƙansu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayan mun sauka ɗaya gefen. Jar ƙasa, dabino, rana mai dukan ka, gidajen laka na Ait Bin Haddu jere kan tudu. Suna da kyau ƙwarai, amma babban ɗana ya dube su ya ce, "Baba, ai wannan Agadas ce." Kuma gaskiya ya faɗa. Marakesh kanta a Agusta takan haura digiri 40. Mutumin da ya sha zafin watan huɗu a Maraɗi bai biya kuɗin jirgi don ya je ya tarar da shi a wani gari ba.

Duwatsun Rif na arewa ba su kai na Atlas tsayi ba, amma suna da abin da ba mu da shi ko kaɗan: dutse mai itatuwa wanda gindinsa ke cikin teku. Daga Titwan ka bi hanyar gaɓa zuwa Wad Law, hannun dama dutse, hannun hagu Bahar Rum shuɗi har iyakar ganinka. Ita ma akwai kwana, don haka kada ka zarce har Husaima da iyali. Daga Wad Law ka juya ka hau Shafshawan. Garin an kafa shi a 1471, kuma an shafe bangayensa da shuɗi, lungu-lungu, har matakala. A bakinsa akwai idon ruwa da suke kira Ras al-Ma, ruwa mai sanyin ƙanƙara yana fitowa daga dutse. Masu matse lemo a ciki suke jiƙa lemonsu. Nan yarana suka tuɓe takalma suka tsoma ƙafa, da ƙyar muka ɓamɓaro su da la'asar. Ka lura da abu ɗaya: tsohon garin duk hawa ne da matakala, mota ba ta shiga. Ka kama masauki a ƙasa kusa da inda ake ajiye motoci, saboda Hajiya.

Teku kuma iri biyu ce. Ta kudu Atlantika ce, mai igiya da ƙarfi da sanyi ko da rani. Sawira gari ne na iska, har rairayi take watsa wa mutum a ido, ko da yake gasasshen kifinta a bakin tasha ba ya mantuwa, kuma a hanya za ku ga itatuwan argan da awaki ke hawa. Agadir ta fi lafawa, bakin ruwanta dogo ne, sai dai sabon gari ne da aka sake ginawa bayan girgizar ƙasa ta 1960. A arewa, wajen Martil da Madik, ruwan ya fi kwanciya, kuma wannan shi ne abin dubawa ga yaran da gulbin Maraɗi kaɗai suka taɓa gani, shi ma sai da damina. Ko a nan ɗin kada idonka ya bar kansu. Aibin arewa cunkoso: Agusta ne watan da ƴan Maroko mazauna Turai ke dawowa gida da motocinsu, masauki ya yi tsada, wurin ajiye mota ya yi wuya. Ka kama ɗakuna tun kana Maraɗi.

A Tanja ka kai su Ras Spartel, inda tekunan biyu ke haɗuwa. In gari ya yi wasai ana hango Sipaniya, don mashigin ruwan a inda ya fi ƙunci kilomita 14 ne kacal. Ka gaya wa yara cewa a wannan gari aka haifi Ibn Batuta a 1304, wanda ya ratsa Takadda ta ƙasarmu a 1353, ya kuma ambaci wata ƙasa da ake kai wa tagulla daga can, wadda masana da yawa suka ce Gobir ce. Ɗan Tsibirin Gobir ya ji wannan a bakin tekun Tanja, ai sai ya ƙara miƙe wuya.

Sai abin da nake ganin zai yanke maganar a wajen Hajiya, in ƴar ɗariƙa ce: Fas tana kan hanyar dawowa daga arewa, kamar kilomita 200 daga Shafshawan. Can zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, inda aka rufe shi a 1815, kusa da masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihriyya ta gina a 859. Mahaifiyata da muka kai ta, ta zauna a gefen mata tana jan carbi tana hawaye, ta ce da wannan kaɗai aka kawo ta ya isa. Fas ma akwai zafi a Agusta, kuma cikin tsohon gari da ƙafa ake shiga, don haka ku tafi da sassafe.

Tuƙin kansa ba zai ba ka wuya ba a kowane ɓangare. Hannun dama suke bi kamar mu, alluna da Larabci da Faransanci, wasu har da rubutun Tifinag irin na Buzaye. Babbar hanya ta kuɗi ce, gudunta 120, cikin gari 60, kuma jandarmomi suna da na'urar auna gudu, tara nan take. Dirhami ɗaya kamar dala goma sha biyu ne a kuɗinmu na sefa, ka riƙe canji a aljihu. Da ɗiyar taka kun zama bakwai, sai ka nemi mota mai kujera bakwai tun da wuri. Ranar karɓarta ka zagaya ta da wayarka ka ɗauki bidiyo a gaban mai bayarwa. Ni ban yi ba a tafiyar farko, wani kamfani ya ɗora mini kuɗin ƙarzanen da na tarar a jikin ƙofa.

Kudu kuwa ka ajiye ta sai hutun Disamba, lokacin da Marakesh ta huce kuma ƙanƙara ta rufe kan Atlas, yara su taɓa ta da hannu. A gaida Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya, ya kai ku ya dawo da ku lafiya.