Wankin gwal ko sauya tsinken ɗan kunne: wanne ya fi?

Hajiya, kin ce ɗan kunnen da ya zo a cikin lefenki yana sa miki ƙaiƙayi da kumburi har kunnen ya riƙa ruwa, kina tambaya ko a kai a sake wanke shi da ruwan gwal, ko a sauya tsinken da ke shiga hujin. Ga yadda nake ganin su biyun.

Mai laifin a mafi yawan lokuta ba gwal ba ne, wani farin ƙarfe ne da ake kira nikel, wanda ake gaurayawa da sauran ƙarafa domin ƙarfi da sheƙi. Gumi ne ke narkar da shi ya shiga fata, shi ya sa abin yake ƙaruwa a bazarar Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Ƙurjin ba ya fitowa nan take, yakan ɗauki yini ɗaya ko biyu, har mutum ya ɗora wa sabulu laifi.

Wankin gwal rufa-rufa ne kawai. Kayan za su dawo suna ƙyalli kamar sabbi, amma rufin ya fi fatar albasa siranta, kuma daidai wurin da ke gogar fata shi yake fara koɗewa. Abin da ya fi muni, sau da yawa akan shimfiɗa nikel ɗin ne a ƙasa kafin a ɗora gwal, saboda haka wajibi ne ki tambayi mai wankin abin da yake sawa. Man farce marar launi da wasu ke shafawa ɗan'uwan wannan ne, sai dai kwanansa kaɗan ne. Ya isa wunin biki, bai isa na kullum ba.

Sauya tsinke kuwa yana ɗauke matsalar daga tushe, domin nan ne ƙarfe yake zaune cikin nama, cikin damshi. Maƙeri zai cire tsohon ya liƙa na gwal mai karat 21 ko 22, wato kashi 87.5 ko 91.6 cikin ɗari zinariya, ko na azurfa mai hatimin 925 (wato kashi 92.5 cikin ɗari azurfa), wadda galibi jan ƙarfe ne gaurinta. Ki ce a sauya har da abin da ke danne shi ta baya, don an sha mantawa da shi, kuma ki guji farin gwal, tunda wani da nikel ake faranta shi.

Ga ɗan kunne, ni sauya tsinke zan zaɓa ko da ya fi tsada. Sarƙa da awarwaro ne dole ta sa a koma wa wanki, tunda dukkansu suna kwance a kan fata. Kada dai ki mayar da komai sai hujin ya bushe sarai, kuma idan yana fitar da mugunya, likitan fata ya kamata ki fara gani kafin maƙeri.