Hular hannu da hular inji: abin da na gani a Jidda

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, da Inna da yara baki ɗaya. Saƙonka ya same ni kan hulunan bikin auta, inda kake tambaya ko a yi su a nan tunda an ce inji ya fi sauri da araha. Ban so in amsa maka da ka ba, sai da na ware yammacin Alhamis biyu na zaga Balad, wato tsohon garin Jidda, daga Bab Makka har Bab Sharif, na zauna a shagunan masu aikin zare na kashe kwarkwatar idona.

Ka fara sanin cewa mutanen nan ba su ɗauki hula yadda muka ɗauke ta ba. Tagiyarsu fara ce ƙarama, aikinta kawai ta riƙe shimagi, ƙyallen da suke yafawa a ka, kada ya zame, sannan a ɗora igal, baƙar igiyar nan, a danne. Abin da ba a gani, wa zai ɓata masa wata guda yana ɗinki? Shi ya sa ake jibge su dozin-dozin, yawanci daga Sin da Bangladesh, irin waɗanda alhazai ke kai mana tsaraba. Mutanen Oman ne kaɗai na ga suna ji da hula kamar mu; tasu kumma suke ce mata, mai ƙananan huji, matansu ke ɗinkawa da hannu.

Inji kuwa, Yaya, a ba shi haƙƙinsa. Na tsaya gaban wani ƙirar Tajima ta Japan, mai kai shida, kowane kai da jerin allurai da zare kala-kala. Wani ɗan Pakistan ya karɓi zane a waya, ya mayar da shi a kwamfuta, ya ɗaura huluna shida a lokaci guda, ya danna. Kafin shayina ya huce sun fito, ba wadda ta bambanta da ƴar'uwarta ko da ɗigo. Kuɗin shirya zanen sau ɗaya ake biya, sauran lissafin ya danganta da yawan sukar allura, don haka in hulunan sun yi yawa kowace ɗaya sai ta yi sauƙi. Sai dai ka tuna riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 kan dala ɗaya tun 1986, abin da ya yi araha a nan in ka juya shi zuwa naira zai iya ba ka mamaki.

Amma aikin nan na hana-sallah ne, mai suna ko tambari a goshi. In irinta matasan ke so ta ranar ƙwallon ango, to a zaɓi zaren poliyesta, ya fi jure rana da wanki. A guji rubutun da ake mannawa da zafi, na ga yadda yake ɓarewa bayan ƴan wanki. Kuma kada a ƙanƙance haruffa, musamman na Larabci, ɗigon yakan cure ya koma dunƙule.

Da na ciro kubena na miƙa wa ɗan Pakistan ɗin na ce ya yi min irinta, sai ya juya cikinta ya daɗe yana kallo. Ya ce zai iya kwaikwayon zanen, amma sai ya sa takardar tauri a baya, kuma ba za ta yi numfashi haka ba. Na sa ya gwada a ƙyalle. Daga nesa ta yi kama, a hannu kuwa kamar kwali, tana ƙyalli irin na leda. Nan na tuna matan unguwarmu a tsakar gida, mai zane ya zana, su bi shi da allura huji bayan huji, makonni kafin a gama gindi a haɗa da kai. Na tuna matan Bama da suka yi gudun hijira zuwa Maiduguri, da wannan allurar da yawansu suka ci da ƴaƴansu. Wallahi sai da na zo ƙasar da babu abin nan na san darajarsa.

Ga kuma wanki. A gida ka miƙa wa mai wankin hula, ya wanke da burushi, ya sa sitaci, ya ɗora a gungume ya buge ta, ta dawo tsaye kamar sabuwa. A nan na taɓa kai zanna bukar ɗina wani shagon wanki, suka jefa ta inji tare da jallabiyoyi, suka goge ta a kwance. Ta dawo a lanƙwashe, shuɗin ya zuba cikin farin. Na yi kwana biyu raina a ɓace, don ita Baba ya ba ni ranar da zan taho. Yanzu sai a Makka, wajen ƴan'uwanmu na Shari'a Mansur, wato titin Mansur, nake samun mai taɓa min.

Saboda haka shawarata, hular ango da ta waliyyai a bayar da ɗinkin hannu a gida tun yanzu, kada a bari sai biki ya matso a sa mata su yi aikin gaggawa. Hana-sallar abokai kuma ni zan ɗauki nauyinta, a turo min zanen da adadinsu. In an tashi, a haɗa min da damanga biyu, lamba 22 da rabi, a ba maƙwabcinmu da zai zo Umara a watan gobe. A gaishe min da Inna, a ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.