Tsohon dandali ko zauren biki?

Mai shirya fim ɗin waƙa da rawa a Kaduna yakan rasa inda zai kafa kyamara: tsohon dandalin wasan kwaikwayo, ko zauren biki na haya irin na Barnawa da Malali.

Tsohon dandali ba ya neman kwalliya. Dubi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, wanda aka gina da ƙasa bisa salon ginin Hausawa, tsakiyarsa a buɗe. In hasken la'asar ya sauka kan jan bangon nan, ko fitila ba ka so. Hayaniyar waje ba matsala ba ce, tunda a situdiyo ake ɗaukar waƙa, 'yan wasa baki kawai suke bi. Amma sai ka nemi izini, ka yi ta jira, ba dama ka buga ƙusa, kuma hadarin Agusta na iya tashin ku ana tsakiyar baiti.

Zauren biki kuwa, ka biya ka shiga, ga janareta. Sai dai tayil ɗin santsi gare shi, 'yan rawa sai ɗari-ɗari suke, kuma mai kallo zai gane nan aka yi dinar ƙanwarsa.

Ni dai gara in jira rani in nufi Samaru.