Birki mai tauri da sitiyari mai wasa a tsohuwar Fijo 504 da Marsandi: sabon kaya, na kwance, ko gyara?

Duk mai riƙe da Fijo 504 irin wadda kamfanin PAN, wato kamfanin Fijo na Najeriya, ya fara harhaɗawa a Kaduna tun 1975, ko Marsandi W123 da Jamusawa suka fara fitarwa a 1976, ya san wuri biyu da tsufa ke fara nunawa: birki ya yi tauri sai ka danna da dukkan ƙarfinka, sitiyari kuma ka murza shi taya ba ta amsa ba sai can. Hanya uku ce a gabanka: sabon kaya na cikin kwali, na kwance da ake kira Beljiyam, ko ka ba bakanike ya gyara wanda ke jikin motar. Ra'ayina a taƙaice shi ne, abin da aikinsa ya dogara da roba ka saye shi sabo, abin da yake ƙarfe zalla ka nemi na kwance na asali.

Amma kafin ka nufi kasuwar kayan gyara irin Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, tabbatar da abin da ya lalace. Kashe injin, ka taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, ka bar ƙafarka a kai, sannan ka tayar da mota. In busta, wato na'urar da ke ƙara wa ƙafarka ƙarfi wajen taka birki, na da lafiya, za ka ji birkin ya ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka. In bai motsa ba, kada ka yi saurin yanke wa bustar hukunci. Busta na aiki ne da zuƙar iska daga injin, ta wani tiyo mai ɗan bawul da ke barin iska ta bi hanya ɗaya kawai. Tiyon nan ya tsage ko bawul ɗin ya mutu, birki zai yi tauri ko da bustar sabuwa ce fil, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Masu dizal, kamar Marsandi 200D da 240D, suna da ƙarin abin dubawa: injin dizal ba ya samar da wannan zuƙa da kansa, famfo ne na daban ke yi, kuma shi ma yana gajiya.

In kana jin huci kamar na iska a kusa da ƙafarka duk lokacin da ka taka, ko sulon injin ya rikice, to robar cikin bustar ta yage. A nan ne nake jan kunnen mutane game da na kwance. Bustar da aka ciro daga motar da ta shekara arba'in, robarta ma shekararta arba'in, kuma ba ka ganin cikinta. Za ta iya yin aiki a ranar gwaji, ta bar ka a kan hanya bayan wata guda. In aljihu ya matsa sai na kwancen, ka yi sharaɗi da mai shago a gaban shaida cewa za ka dawo da ita in ta gaza, ka kuma leƙa ramin da masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, ke zama. Ka ga jiƙar mai, ajiye ta, domin man birkin da ke yoyo daga masta shi ke cinye robar.

Ita masta, in birki na nutsewa sannu a hankali har ƙasa alhali babu yoyo a waje, robobinta sun ƙare. Canza robobin kaɗai na da amfani idan cikin silindar sumul yake; in tsatsa ta huda shi, sayi sabuwa. Sabo ma akwai jabu, sai ka duba tambarin da aka zuba a jikin ƙarfen, kada ka tsaya ga kwali. Zuba man birki mai lamba DOT 4, kada ka haɗa shi da DOT 5.

Sitiyari kuwa, a nan na kwance ya fi. Ƙarfen asali da aka ƙera a Faransa ko Jamus ya fi yawancin kwaikwayon da ke kasuwa yanzu, ko da ya sha aiki. Sai dai motocin biyu ba ƙira ɗaya ba ce. 504 na amfani da rak, sanda mai haƙora. W123 akwatin sitiyari ne da ita. Sa yaron gareji ya riƙa girgiza sitiyarin hagu da dama, kai kuma ka bi sandar da ido daga sama zuwa ƙasa. Sau da yawa wasan ba a rak ko akwatin yake ba, yana wurin faifan robar da ke haɗa sandar sitiyari da su, ko a kan tayirod, sandar da ke kai motsin sitiyari ga taya. Faifan roba ne, don haka sabo za ka saya, da shi da robobin da ke rufe bakin rak.

Akwatin Marsandi na da ƙusar saiti a samansa, kuma wasu kanikawa kan murza ta fiye da kima don wasan ya ɓace nan take. Wannan gyara ne mai cin akwati: sitiyari zai daina komawa tsakiya da kansa bayan kwana, haƙoran ciki kuma su ci juna. A murza kaɗan-kaɗan, ana gwadawa. In an saita wasan bai tafi ba, nemi na kwance, ka murza shi da hannu daga ƙarshe zuwa ƙarshe ka ji ko yana sarƙewa. Sandar da aka taɓa yi wa walda kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Kula da ɓangaren tuƙi. Tun 1972 Najeriya ta koma bin hannun dama, motocinmu sitiyarinsu na hagu, kamar na Nijar da Kamaru. Rak ko akwatin da aka kwance daga motar Ingila ba zai hau taka ba. Tafi kasuwa da tsohon kayanka a hannu, ka jera su gefe da gefe, ka ƙirga ramukan noti da haƙoran bakin sanda kafin ka biya.