Gargaɗi ga masu mota: naira 165,000 na biya, aka bar min wayoyi tsirara a ƙarƙashin sitiyari

Ina rubuta wannan gargaɗi ne raina a ɓace, domin akwai wani mutum a nan Kano da yake tallata kansa a Facebook da WhatsApp a matsayin ƙwararren mai sa wa mota ƙararrawar tsaro da na'urar tayar da inji da rimot, kuma abin da ya yi wa motata bai kamata ya maimaita shi a kan wani bawan Allah ba. Ba zan ambaci sunansa ba saboda maganar za ta je gaban hukuma, amma duk wanda ya taɓa hulɗa da shi zai gane shi. Naira 165,000 na ba shi, wato 120,000 da na tura masa ta banki tun kafin ya taɓa motar, da 45,000 da na ƙirga na danƙa masa hannu da hannu bayan ya ce ya gama. Hoton shaidar turawar yana nan, saƙonnin muryarsa ma suna nan, kuma zan ɗora su duka da zarar na rufe lambobin da ke jiki.

Kada wani ya zo yana ce min na yi garaje. Na duba shafinsa, na ga bidiyon motocin da ya ce shi ya yi wa aiki, na tambaye shi garanti ya ce na shekara guda ne, na nemi ya nuna min na'urar a cikin kwalinta ya nuna min. Da ya zo ƙofar gidana da akwatin kayan aiki, ya buɗe kwalin ya zaro damin wayoyi masu launi daban-daban, sai na tambaye shi ko duka za a haɗa su. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce: "Alhaji, ranka ya daɗe, waɗannan na ajiya ne, kamfani ne yake ƙaro su, ka bar min komai a hannuna." Wannan magana ita ce take ta dawo min, da yadda ya kalle ni ido cikin ido, da yadda ya dakata da aikin ya ce bari ya yi sallar la'asar tukuna. Wane ne zai ga haka ya kawo wani abu a ransa? A kan wannan magana na ƙara masa 45,000, a kan 120,000 da suka riga suka shige asusunsa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne rabin maganarsa gaskiya ce. Irin waɗannan na'urori ana ƙera su ne domin su shiga motoci iri-iri, saboda haka daminsu yakan zo da wayoyin da wata motar ba ta bukata, kamar ta buɗe but daga nesa ko ta ƙarin wata fitila. Ragowar waya ba laifi ba ce. Amma mai rewayan da ya san aikinsa yakan rufe bakin kowace ɗaya ita kaɗai, da robar nan da ake zurawa a gasa ta ta ƙanƙame, ko da tef na lantarki mai kyau, sannan ya naɗe su ya ɗaure su can sama, nesa da birki da totur da sandar sitiyari, ya kuma bar musu ɗan tsawo ko za a bukace su nan gaba. Shi kuwa yanke su ya yi ya bar tagullarsu a waje, wasu ya murɗe su wuri ɗaya ya naɗa musu salatif irin na liƙe ambulan, ya cusa su bayan murfin roba ya mayar da sukurori. Duk wanda ya san zafin cikin mota a Kano da tsakar rana ya san salatif ba ya jure shi, gam ɗinsa narkewa yake yi ya saki.

Ranar da aka kwance murfin ƙarƙashin sitiyarin, wayoyin suka zubo kamar gashin da ya daɗe bai ga mataji ba. Wannan ya faru ne bayan na sayi sabon batir, domin da farko kowa cewa yake yi batirin ne ya mutu. A'a, kafin batirin ma akwai safiyar da na ji warin roba tana ƙonewa a hanyar kai yara makaranta, na kira shi ya ce sabuwar na'ura ce take "zama", in ba ta lokaci. Da yarana a bayan mota ya gaya min haka! Jiniyar ma ta riga ta fara tashi da tsakar dare ba wanda ya taɓa motar, har maƙwabcina ya yi min magana, kuma a lokacin ne na tura masa saƙon da ya karanta bai amsa ba. Sai daga baya motar ta fara kwana ta wayi gari ba ta tashi.

Dattijon mai rewayan da na kai wa motar a ƙarshe, wanda da ma shi ne yake duba motar yayana, ya cire kan batir ya sa mita, ya nuna min cewa motar tana shan wuta alhali a kashe take. Ya ce lafiyayyar mota idan an kashe ta an rufe, abin da take ja bai kamata ya wuce kimanin miliamfiya 50 a ma'aunin wutar lantarki ba, tawa kuwa ta ninka haka sau da yawa. Ya haska toci ya nuna min wata waya da bakinta ya yi baƙi saboda gugar ƙarfen jikin mota, da wata kuma da take lilo daidai kan ƙarfen birki, duk takawar da na yi sai ta goge shi. A gidan fiyus ɗin na'urar babu fiyus, silin tagulla aka murɗa a wurin, ma'ana da wuta ta haɗu sosai babu abin da zai yanke ta sai dai wayar ta kama da wuta. Har wanda ya sa min na'urar ya fere rigar wani dami mai ruwan ɗorawa yana neman inda zai ɗauki wuta, alhali wannan launi a motoci alama ce ta layin jakar iska mai kumbura ta tare mutum idan an yi hatsari, layin da ba a taɓawa.

Sannan a cikin waɗanda ya kira na ajiya akwai biyu da ba na ajiya ba ne ko kaɗan. Ɗaya ita ce ake haɗawa da makunnin birki, domin idan an tayar da mota da rimot wani ya shiga ya taka birki babu makulli, injin ya mutu nan take. Ɗayar kuma ta makunnin bonet ce, wadda take hana injin tashi idan bonet a buɗe yake, don kada makanike yana da hannu kusa da bel wani ya danna rimot a aljihu. Duka biyun a yanke suke, ba a haɗa su da komai ba. Naira 165,000, kuma wayoyi biyun da suke tsare rai su ne ya ga ba shi da lokacinsu.

Ban ma faɗi maganar makulli ba, kuma ita ce ta fi ba ni kunya a gaban dattijon nan. Tun ranar farko mai sa na'urar ya karɓi makullina na biyu ya ce zai je ya "saita" shi da kwamfuta ya dawo min da shi. Motata Corolla ce mai makullin da ke ɗauke da ɗan ƙwayar tsaro a kansa, wanda idan zoben da ke bakin ramin makulli bai karanta shi ba injin ba zai tashi ba. Aikin gaskiya shi ne a sa wata ƙaramar na'ura da za ta ba da wannan izini a lokacin tayarwa da rimot kawai, kuma kuɗinta yana cikin 120,000 ɗin farko, a rubuce yake a saƙonsa. Ashe fasa kan makullin ya yi, ya liƙa shi da tef a jikin zoben, ya bar shi a nan dare da rana. Wato na biya kuɗi don a ƙara wa motata tsaro, sai aka cire mata wanda kamfani ya yi mata, har ya zama duk wanda ya yanko ƙarfe daidai ramin zai iya tuƙa ta ya tafi. Ni kuwa ina ta kiransa ina tambayar yaushe zai dawo min da makullina, yana cewa gobe in Allah ya yarda, alhali makullin yana daidai gwiwata kullum.

Yanzu ya toshe lambata, shagon da ya kwatanta min kuma masu wurin sun ce ba su san shi da zama a nan ba, yakan dai tsaya a bakin wurin ya ɗauki hoto. Amma tallarsa tana nan tana yawo, da bidiyon nan dai da na gani, waɗanda yanzu nake da yaƙinin ba aikinsa ba ne. An cire na'urar gaba ɗaya, an liƙe wayoyin motar da ya fere da dalma an rufe su, na biya wannan aikin daban, ga kuɗin batirin da ban bukata ba, duk a kan 165,000. Na haɗa takardun ƙorafi zan kai wa 'yan sanda da hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya, kuma hotunan wayoyin da na makullin a liƙe zan sa su tare da shaidar banki.

Wanda zai sa irin wannan na'ura kada ya cika kuɗi sai an nuna masa ƙarƙashin sitiyari kafin a mayar da murfi, ya ga bakin kowace ragowar waya a rufe, ya ga fiyus da idonsa, ya gwada birki da bonet, ya kuma karɓi makullansa duka. Wanda kuma wannan mutumin ya riga ya taɓa masa mota, ya kai ta a kwance murfin yau, sannan ya turo min saƙo mu haɗa ƙorafinmu wuri ɗaya.