Kifin wel a Hermanus: daga gaɓa ko cikin jirgi?

Yaya, ka ce za ka Cape Town a Satumba, kana tambaya wanne ya fi, ka kalli kifin wel, wato ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa, daga bakin teku ko ka biya ka shiga jirgi. To lokacin dai ka dace, daga Yuni zuwa Nuwamba suke tasowa daga ruwan sanyin kudu su zo Walker Bay, tekun da ke gaban garin Hermanus, su haihu, Satumba da Oktoba ne ma suka fi yawa.

Ni dai gaɓa nake ba ka shawara. Hermanus kusan kilomita 120 ne daga Cape Town, akwai hanyar ƙafa a kan duwatsun bakin teku mai kusan kilomita 12, ko sisi ba za ka biya ba, kuma uwa da ɗanta kan matso dab da duwatsun har ka ji hucin numfashinsu. Tun 1992 ma garin ke da mai shela da ke busa ƙahon ciyawar teku in an hango su. Matsalar kawai sai haƙuri, wata rana feshin ruwa za ka gani can nesa shi ke nan, don haka ka tafi da madubin hangen nesa da rigar sanyi.

Jirgi kuwa a nan ake ganin girman abin, dabba mai mita 15 a gefenka ba wasa ba. Amma fa dokar Afirka ta Kudu ta hana kowa matsawa ƙasa da mita 300 sai mai lasisi, shi ma mita 50 ne iyakarsa sai dai in kifin ne ya taho da kansa, kuma daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Nuwamba akwai yankin da ake rufe wa jirage. Ba don komai ba, uwayen nan kusan ba sa cin komai a wajen, kitsen jikinsu suke ƙonawa suna shayarwa, to duk direban da ya bi su da ƙarar inji har suka gudu ya ci musu ƙarfin da ɗan ke buƙata. Ka nemi ganin lasisi kafin ka biya, wanda ya yi maka alkawarin taɓa kifi kuwa ka rabu da shi.

In jirgin za ka shiga ka sa shi a farkon tafiyar don iska na sa a soke fita, ka kuma sha maganin jiri tun a ƙasa.