Sharhi: Scarlett 2i2 da makirfon AT2020 a ƙaramin ɗakin naɗar waƙa

Mai naɗar waƙa a gida, ko da kiɗan gurmi yake yi don nishaɗi, wata rana makirfon waya zai daina isar sa. A nan ake fara jin labarin jan akwatin nan na kamfanin Focusrite na Ingila, Scarlett 2i2, wanda 'yan situdiyo ke kira saunkad, wato na'urar da ke shigar da sautin makirfo cikin kwamfuta. Wanda na yi aiki da shi zubi na uku ne, wanda ya fito a 2019, na haɗa shi da makirfon Audio-Technica AT2020 da laftof mai Windows. Hukuncina tun farko shi ne akwatin ya isa har da saura ga mai ɗaukar murya ɗaya da abin kiɗa ɗaya. Idan sauti ya ɓaci, sau da yawa laifin na ɗaki ne, ko na wuta, ko na hannun da ya murɗa gen, wato ƙarfin da ake ƙara wa sautin da ke shigowa.

Akwatin ƙarfe ne, bai kai rabin kilo ba, kuma daga USB yake shan wuta, ba ya buƙatar soket. A gaba akwai kafofi biyu, kowacce tana karɓar filogin makirfo da ake kira XLR ko babban jak na jita da kibod. Kowace kafa tana da abin murɗa gen nata, da madannin INST da ake dannawa idan jita aka sa, da madannin AIR. Madannin 48V, mai ba makirfo wuta, ɗaya ne tak, yana aika wuta kafofin biyu a tare. A baya akwai kafofi biyu na lasifika, sai kafar USB-C. Ba shi da kafar MIDI, wadda ta cikinta kibod ke gaya wa kwamfuta maɓallan da aka danna. Wannan ba ya cutar da mai kibod ɗin Yamaha PSR, tunda galibinsu suna da tasu kafar USB da ke shiga kwamfuta kai tsaye. Amma in kana son ɗaukar sautin kibod ɗin kansa dama da hagu, ya cinye kafofin biyu ke nan, murya sai ta jira zagaye na biyu. Mai wannan buƙata Scarlett 4i4, mai ƙarin kafofi, ya kamata ya duba.

Ranar farko akwai abin da ke rikita mutane. Da ka sa shi, kwamfuta za ta nuna shi kamar filas. Haka aka tsara shi don ya kai ka shafin rajista, kuma muddin yana cikin wannan yanayi ba ya wuce 48 kHz. Girka manhajar Focusrite Control yana fitar da shi. A Windows dole ne ka sa direbansa na ASIO, ka shiga manhajar haɗa waƙa ta FL Studio ka danna F10, ka zaɓi Focusrite USB ASIO a ɓangaren sauti. Wanda ya bar shi a kan direban Windows zai yi ta jin muryarsa tana biyo shi a baya kamar mai amshi. Wani abu da ba a faɗa wa masu saye: bugun Fruity na FL Studio ba ya naɗar murya sam, sai Producer ko sama da shi. Ableton Live Lite da ake bayarwa kyauta bayan rajista yana tsayawa a layi 8, wanda ya ishi waƙa mai sauƙi.

Ka saita 24-bit da 48 kHz ka manta da 192 kHz da aka rubuta a kwali. Kunne ba zai ji bambanci a ɗakin kwana ba, kwamfuta ce kawai za ta sha wuya. A wannan saiti, minti ɗaya na layi guda yana cin kusan MB 8.6, ka ga lissafin wuri ba wahala. Batun jinkirin murya kuwa lissafi ne na bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi: bafa 128 a 48 kHz tana ba da kusan milisakan 2.7 a hanya ɗaya, 256 tana ba da 5.3, 1024 kuma ta haura 21. Lokacin ɗauka ka tsaya a 128 ko 256. Lokacin haɗa sauti ka ɗaga zuwa 1024. In ka ji ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye, bafa ta yi wa kwamfutar ƙanƙanta, ka ɗaga ta mataki ɗaya. Hanya mafi sauƙi ta kauce wa jinkiri ita ce madannin Direct Monitor, wanda ke kai murya kunne ba tare da ta bi ta kwamfuta ba. Yana da mono da sitiriyo. Da makirfo ɗaya ka zaɓi mono, in ba haka ba za ka ji kanka a kunne ɗaya kawai. Kuma ka kashe sauraron layin a cikin manhaja, don kada murya ta zo sau biyu tana ƙara kamar a cikin bututu.

Zoben hasken da ke kewaye da abin murɗa gen shi ne abin da na fi so a akwatin. Kore lafiya, ruwan ɗorawa an kusa bango, ja sauti ya tsage. Sautin da ya tsage ba ya gyaruwa, ko wace manhaja aka kawo. Yadda ake saitawa: mawaƙi ya rera wurin da ya fi ɗaga murya a waƙar, ba "gwaji, gwaji" a hankali ba, kai kuma ka murɗa har mitar ƙarfin sauti da ke cikin manhaja ta riƙa kaiwa tsakanin -12 da -6, tana yawo a wajen -18. Mutane da yawa suna cika gen don su ga zanen sauti ya yi kauri a allo. Wannan ɗabi'ar zamanin kaset ce. A 24-bit akwai fili, ana iya ɗaga sauti daga baya ba tare da asara ba.

Gen ɗin zubi na uku ya tsaya a 56 dB. Ga AT2020 wannan ya wadatar, da wuya ka wuce rabi. Ga makirfon Shure SM58 za ka kai kashi uku cikin huɗu ko fiye idan mai waƙa mai sanyin murya ne. Makirfon SM7B kuwa, wanda ke son kusan 60 dB, zai sa ka ƙure abin murɗawa har ka fara jin shuuu a ƙasa. Zubi na huɗu da ya fito a 2023 ya kai 69 dB, ya zo da saitin gen na kai tsaye, ya kuma mayar da kafofin XLR baya. In farashinsu ya yi kusa, na huɗun ya fi. In akwai tazara, na ukun bai tsufa ba.

Madannin AIR yana ƙara haske a saman sauti, kwaikwayo ne na tsofaffin na'urorin ISA na kamfanin. A murya mai kauri da jita yana da daɗi. A goge ban ga amfaninsa ba, domin gashin doki a kan gashin doki tun asali yana da kaifi, AIR sai ya mai da shi kamar ana goga ƙarfe. Haka ma mai yawan "s" da "sh" da "ts" a baki. Kuma abin da aka ɗauka da AIR ya shiga ke nan, ba a cire shi, don haka in kana shakka ka bar shi a kashe.

Yanzu makirfon, inda maganar ta fi tsawo. AT2020 kwandensa ne, wato irin makirfon nan mai saurin jin sauti, ba ya aiki sai da 48V. Ta gefe ake rera masa, ɓangaren da ke da tambarin kamfani, ba ta saman kai ba. Kuskuren nan ya fi yadda ake zato yawa, kuma alamarsa murya mai nisa kamar daga ɗakin maƙwabta. A kwalinsa akwai mariƙi da 'yar jaka, babu waya, babu tsayuwa, babu ragar tare iska, duk sai ka saya daban. Ka sa XLR tukuna, sannan ka kunna 48V. In za ka cire, ka rage lasifika, ka kashe 48V, ka ƙirga goma.

Sautinsa tsaf yake, yana fito da kalmomi, kuma yana jure ƙara har 144 dB, don haka kalangu ba ya ba shi tsoro. Matsalar ita ce yana jin komai. Ɗakin siminti mai tayil da rufin kwano, da fanka a sama, da janaretan maƙwabci, da mai talla a lungu, duka za su shiga waƙarka. Ka gwada: ka tsaya tsakiyar ɗaki ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji wani "tirrr" ya biyo baya, sauti ne ke kai-komo tsakanin bango biyu masu fuskantar juna, kuma makirfon zai ɗauke shi a kowane baiti. Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya maganin wannan, bai da kaurin da zai sha sauti, ga shi abincin wuta. Abin da ke aiki shi ne katifa a jingine a bayan mawaƙi, bargo mai nauyi a rataye hagu da dama da 'yar tazara daga bango, darduma ko kafet a ƙasa. A bayan mawaƙi na ce, domin nan makirfon ke kallo. Bayan makirfon shi ne kurman ɓangarensa, shi za ka juya wa taga ko ƙofar da hayaniya ke shigowa.

Tazarar baki da makirfo santimita 15 zuwa 20, wato kamar taƙi ɗaya, raga a tsakani. Duk lokacin da ka rage tazara da rabi, murya tana ƙaruwa da kusan 6 dB alhali hayaniyar ɗaki tana nan yadda take. Wannan ita ce dabara mafi arha ta rage amsa-kuwwa. Sai dai in ka matso ƙasa da santimita 10, ƙasan murya zai kumbura, "b" da "f" su riƙa bugun makirfo. A haɗa sauti ka yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz a layin murya. Ga gurmi, ka sa makirfo santimita 25 zuwa 30, yana kallon fatar ƙwaryar a ɗan karkace, don kada ƙarar yatsa ta rinjayi amon. Kalangu ya fi son rabin mita, kuma gen ƙasa sosai, saboda bugun farko na makaɗi yana da tsini fiye da yadda kunne ke ji, zoben kan yi ja a ƙiftawar ido. In da makirfo biyu za ka ɗauki mawaƙi da makaɗi tare, tazarar da ke tsakanin makirfon biyu ta ninka tazarar kowanne da mai shi sau uku, in ba haka ba sauti zai yi siriri idan aka haɗa.

A gaskiya, ga wanda ɗakinsa ke bakin titi kuma ba zai iya rataye komai ba, SM58 zai ba shi sakamako mafi tsabta fiye da AT2020, don ana manna masa baki ne. Sai a kula da jabu, don sun cika kasuwa, kuma farashin da ya yi araha fiye da kima shi ne alamar farko.

Gurnanin wuta shi ne ciwon kai na biyu. Wutarmu 50 Hz ce, don haka gurnanin yana zaune a 50, 100 da 150, wani lokaci da tsiwa-tsiwa mai canzawa idan ka motsa linzami. Gwajin minti ɗaya ne: ka zare cajar laftof. In ya yi shiru, caja ce ko rashin waya ta ƙasa a gidan, kuma janareta da ƙaramar inbata suna ƙara tsananta shi. Maganin shi ne ɗauka a kan batir, a mayar da caja lokacin haɗawa. Lasifika kuma a haɗa su da jak mai zobe biyu, wato TRS, ba mai zobe ɗaya na jita ba, kuma komai ya sha wuta daga soket guda. Kada a karya ƙafar ƙasa ta filogi don kashe gurnani. Yana iya yin shiru, amma makirfo ƙarfe ne kuma kusa da baki yake.

Kafar hedifon tana tura masu 32 zuwa 80 ohm da kyau. Masu 250 ohm sukan fito da sanyi, musamman ga mawaƙin da ke son jin kiɗa da ƙarfi. A sayi rufaffe irin ATH-M20x, domin buɗaɗɗe yana yoyon kiɗa zuwa cikin makirfo, kuma ƙarar metironom, mai ƙirga bugun kiɗa, da ta shiga layin murya ba ta fita.

A tafiya ne akwatin ya fi nuna darajarsa. Laftof, saunkad, makirfo a jakarsa, wayar XLR mai mita 3, gajeriyar tsayuwa ta tebur da hedifon duk suna shiga jakar goyo ɗaya. Tunda ba ya shan wutar soket, cajar laftof ce kaɗai ke buƙatar adafta idan ka tsallaka Maraɗi ko Yamai, inda soket mai zagayen rami biyu ya fi yawa. A Saudiyya wutar 60 Hz ce, don haka mai neman gurnani a can ya duba 60 da 120. A jirgi, fawabank yana tafiya a jakar hannu ne, kuma iyakar da aka saba ita ce 100 Wh. Ka riƙe wayar USB ta biyu, domin ita ce ke fara gajiya, kuma ka sa akwatin kai tsaye a jikin laftof, ba ta mahaɗar USB mai kafofi da yawa ba. A masauki, buɗaɗɗen wadirof mai kaya a ciki ya fi tsakiyar ɗaki, a kashe firji da na'urar sanyaya ɗaki kafin a danna ɗauka.

Kwandensa ba ya shiri da ƙura da laima. A lokacin hunturu ƙurar buji tana kwanciya a kan siririn faifan da ke ciki, da damina kuma laima tana haɗuwa da ƙurar, sai a fara jin ƙyas-ƙyas ko sauti yana ɗaukewa idan an hura numfashi. Bayan kowane aiki a sauke shi daga tsayuwa, a mayar da shi jaka tare da ƙaramin ƙunshin silika irin wanda ke zuwa a kwalin takalmi. In laimar ta riga ta shiga, a bar shi kwana ɗaya ko biyu a rufaffen mazubi da ƙunshin silika uku ko huɗu kafin a yanke cewa ya mutu.